Tabo Ya Warke, Cinya Na Ƙugi

Mu mutanen Gadarif mun san kumburin ƙafa iri-iri. Ƙasarmu baƙar laka ce ta dawa da riɗi, da rani ta tsattsage, da damina ta riƙe tayar tarakta, kuma duk wanda abincinsa ke cikinta ƙafarsa ce ke fara shan wuya. Akwai kumburin saran maciji, wanda ke yawaita lokacin yankan riɗi. Akwai wanda sukar ƙaya ke haddasawa, wato nabit, ƙafa ta yi ta girma shekara da shekaru ba wani zafi, tana fitar da 'yan tsabobi ta ƙananan ƙofofi. Saboda shi ne ma Jami'ar Khartum ta buɗe cibiya ta musamman a Soba a 1991, ƙarƙashin Farfesa Ahmed Hassan Fahal. Akwai na mai ciwon suga, da na mai ciki, da na wanda zuciya ko ƙoda ta gaza. Duk waɗannan na saba da su a aikina na mataimakin likita, a cikin gari da ƙauyukan hanyar Doka da Hawata. Wanda nake son in yi magana a kansa daban ne. A da akan jima ba a gan shi ba. Yanzu yaƙi ya kawo mana shi, ga shi kuma ba ya bayyana da wuri.

Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da aka fara gwabzawa tsakanin soja da dakarun RSF, Gadarif ta zama matattara. Mutanen Khartum suka fara isowa, sai na Wad Madani a Disambar wannan shekara, sai na Sinja da Dindir a tsakiyar 2024. Makarantu suka koma gidajen kwana, kowane gida ya sami baƙi. Da yawa daga cikinsu da tabo suka zo: harsashin da ba a san wanda ya harbo shi ba ya shiga ta cinya ya fita, ɓarɓashin bom da bai kai ƙwayar wake ba ya nutse a bayan gwiwa. Aka wanke, aka ɗinke ko aka bar shi ya rufe da kansa, jini ya tsaya, aka yi hamdala. Kafin yaƙin ma mukan sami irin wannan jefi-jefi daga Fashaga, inda manoma ke gamuwa da 'yan fashin da ake kira shifta, ko daga sansanin 'yan ƙodagon gona idan rigima ta kai ga zare wuƙa. Abin da mutane ba su sani ba, fata na iya warkewa sumul alhali a can ciki an bar ƙofa a buɗe.

Jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai mai bugawa, wadda ke ɗauko jini daga zuciya da ƙarfi. Ita kake ji tana harbawa a wuyan hannu, kuma bangonta kauri gare shi. Akwai mai komarwa, wadda ke mayar da jinin zuciya a hankali. Ita ce koriyar da ake gani a bayan hannu, bangonta siriri, ba a halicce ta don ɗaukar matsi ba. Tsakaninsu akwai 'yan mitsi-mitsin jijiyoyi da ido ba ya gani, a nan jini ke sauke wa tsoka da fata iska da abinci, ya kwashe musu datti. To, a ƙafa manyan biyun nan a manne suke tafiya, tun daga gindin cinya, daidai inda kaluluwa ke fitowa, har zuwa bayan gwiwa. Ƙarfe ɗaya ya isa ya huda su tare. Idan raunin ya yi girma, a wurin mutum ke ƙarewa, ko ya rasa ƙafar. Idan ƙarami ne, naman da ke kewaye sai ya tare jinin, hudojin biyu su warke baki da baki, su zama hanya guda.

Mu da ke maƙwabtaka da iyakar Gallabat mun san abin da ɓarauniyar hanya ke yi wa kasuwa: kaya na ta wucewa dare da rana, rumfuna kuwa fayau. Haka jinin nan yake yi. Ya taso daga zuciya zai kai wa ƙafa, ya iso cinya ya tarar da ƙofa mai sauƙi, sai ya faɗa cikin mai komarwa ya juya gida da kayansa. A takardar asibiti a nan Sudan za ka ga an rubuta nasur, a Najeriya da Nijar kuma fistula. Kada a rikita shi da yoyon fitsari na mata, suna kawai suka haɗa.

Mai komarwa ce ke fara jin jiki. Matsin da ba nata ba ya sa ta buɗe, ta yi kauri, 'yan marufan cikinta da ke hana jini gangarawa ƙasa su lalace. Ƙafa ta kumbura, jijiyoyi su fito rudu-rudu a ƙwauri, fatar idon sawu ta yi baƙi, can gaba gyambo ya buɗe ya ƙi jin magani. Tafin ƙafa kuma, da aka sace wa rabonsa, yana iya yin sanyi alhali cinya na da ɗumi, mutum ya yi 'yar tafiya sai sha-raɓa ta riƙe. Amma inda abin ya fi muni can sama ne. Zuciyar baligi idan yana zaune tana tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya. Babbar huda a cinya na iya karkatar da lita ɗaya ko biyu, ko ma fiye, su komo nan take ba su tsinana komai ba, dole zuciya ta ƙara aiki don ta cike gurbin. Ba ta samun hutu ko mutum na barci. A hankali sai ta buɗe, ta gaji. Wani cikin watanni, wani sai bayan shekara goma ko ashirin, lokacin da shi kansa ya manta da raunin.

Wani saurayi ya zo mini da mahaifiyarsa. Asalinsu mutanen Mai Wurno ne, shi kuwa a Madani yake tuƙa raksha, wato babur mai ƙafa uku, kafin gari ya watse. Haki ne ya kawo shi. Ba ya iya kwanciya sai ya jingina da matashi, gabansa na faɗuwa, ƙafar hagu ta kumbura. An riga an yi masa hoton ƙirji a wani wuri, an ga zuciya ta faɗaɗa, an ɗora shi kan maganin fitar da ruwa. Ba laifi a maganin, ya rage masa nauyi. Sai dai kumburin zuciya ƙafa biyu yake kamawa, wannan kuwa ɗaya ce. Na ce ya ɗaga jallabiya. Ga wani ɗan tabo a cikin cinya, bai fi faɗin farce ba.

"Ɗana, wannan fa?"

"Ai ya daɗe da warkewa, Baba. Ranar da muke fitowa daga Madani ne. Ko ɗinki ba a yi ba."

Na ɗora tafin hannu a kai. Wurin na rawa a ƙarƙashin yatsuna, zirr, ba ƙaƙƙautawa. Na sa abin sauraren ƙirji, sai ƙugi mai ɗorewa, yana ƙaruwa da kowane bugu amma ba ya yankewa. Da ya ga fuskata ta canza sai ya ce, "Baba, ni dai da dare idan gari ya yi tsit, sai in ji kamar an kunna inji a cinyata. Na faɗa a gida aka ce in riƙa addu'a." Mahaifiyar ta sunkuyar da kai. Na ce mata, "Hajiya, addu'a ba ta faɗi ƙasa ba, ita ce ta kawo ku. Yanzu saura magani."

Na kira likitan da muke aiki tare, muka yi wani tsohon gwaji. Na riƙe wuyan hannun yaron ina ƙirga bugu, shi kuma ya danne jijiyar daga saman tabon har ƙugin ya ɗauke. Nan take bugun ya sassauta, da ya saki ya koma gudunsa. Zuciyar ce ta ji an sauke mata kaya. Wani likitan Ostiriya, Nikoladoni, ya lura da wannan a 1875, sai kuma Harris Branham na jihar Jojiya a Amurka ya bayyana shi a 1890, a jikin wani da harsashi ya huda wa jijiyoyin cinya, wato irin na yaronmu sak. Har yau da sunayensu ake kiran gwajin. Amma ba na gida ba ne. Wani idan aka danne jiri ke ɗibarsa, don haka a bar wa ma'aikaci. Yaron nan daga baya an yi masa aiki a Bur Sudan. Da ya dawo da ƙafarsa ya tako daga tasha, kuma a hankali aka janye masa magungunan zuciya.

Wanda ke son ya san yadda rawar nan take a hannu, ba sai ya shiga makarantar likita ba. Masu wankin ƙoda da gangan ake yi musu irin wannan haɗi a hannu, dabarar da Brescia da Cimino suka fito da ita a Niyok a 1966, domin jijiya ta yi ƙwari ta iya ɗaukar allurar injin. Yanzu da masu ciwon ƙoda na Khartum da Jazira suka taru a garin nan, da wuya ka rasa ɗaya a dangi ko a unguwa. Roƙe shi ka taɓa wurin. Wanda ya taɓa sau ɗaya ba ya mantawa. Bambancin kawai, wancan an auna shi an yi shi ƙarami a inda ba zai cutar ba, na harsashi kuwa ba wanda ya auna.

Ni jikan wanzami ne. Kakana daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa zai je Makka, ya yada zango a nan don ya tara guzuri da askarsa, zangon da har yau ba mu tashi ba. Zabirarsa na nan a gidanmu. Don haka idan na yi maganar aska, ba raini ba ne. Mutumin da ya fara bayyana ciwon nan a rubuce, William Hunter, likita ɗan Sikotlan da ke zaune a Landan, a 1757 ya yi hakan, kuma a hannun wanzaman Turawa ya gan shi. A wancan zamani tsaga jijiya a gwiwar hannu don fitar da jini shi ne maganin kusan kowace cuta a Ingila. Wani lokaci tsinin askar sai ya zarce mai komarwa ya taɓa mai bugawa da ke ƙarƙashinta. Ashe tun farko ciwon da wuƙa suka san juna.

Ga inda haɗarin yake a wurinmu. Sau da yawa hudar na zuwa da ƙullutu a gefenta, saboda jini ya fita daga mai bugawa ya yi wa kansa jaka a cikin nama. Wurin ya tasa, ya yi ɗumi, ya yi sheƙi, yana zogi. A ido ba shi da maraba da ƙurjin da ya nuna. An taɓa kawo mana wani ɗan ƙodago a bayan tirelar tarakta daga wata gona. Wuƙa ta same shi a cinya tun kakar da ta wuce, ya warke, sai ƙullutu ya taso. Abokan aikinsa suka kai shi aka yi masa sakiya. Ba ruwan ƙurji ne ya fito ba. Suka ɗaure da rawani, suka kamo hanya cikin laka, kafin su iso rai ya yi halinsa. Wanda ya yi sakiyar ba mugu ba ne, ya yi wa mutane da yawa sun tashi. Da ya ɗora hannu na ɗan lokaci kafin ya sa ƙarfe a wuta, da ya ji abin na bugawa. Kuma kada ma'aikatan asibiti su ɗauka da wanzamai kaɗai nake. Sabon ma'aikaci mai zafin hannu, da reza da tiren buɗe ƙurji a ɗakin da ya cika da jama'a, shi ma wannan ramin na jiransa.

Akwai kuma wanda asibiti kanta ke jawowa. Idan za a duba jijiyoyin zuciya, ko za a yi wankin ƙoda na gaggawa, akan zura siririn tiyo ta gindin cinya, kuma allurar na iya ratsa jijiyoyin biyu. Wani bincike da aka yi a Dusuldof ta Jamus, aka buga a 2002, ya bi mutum fiye da 10,000 da aka yi wa binciken zuciya ta wannan hanya. Ƙasa kaɗan da ɗaya cikin ɗari ne suka sami hudar, kuma kashi ɗaya bisa uku na waɗannan ta rufe da kanta cikin shekara guda. Shi ya sa irin wannan, idan ƙarama ce ba ta damun mutum, likita kan ce a sa ido kawai. Ta harsashi da wuƙa da wuya ta rufe don kanta. Jira ba ya ƙara mata komai sai faɗi.

Bayan hannu da kunne, sai na'ura. Ta farko ita ce sikanin jijiyoyi mai nuna gudun jini da launi, wadda ake kira dofla. Injin ɗaya ne da wanda ake duba masu ciki, kan da ake ɗorawa ne ya bambanta, sai kuma idon mai dubawa. Ba allura, ba zafi. A lafiyayyar ƙafa jinin mai bugawa tsalle yake yi ya tsaya, na mai komarwa kuma yana malala a hankali. Idan akwai huda sai a ga mai bugawa na kwarara ba tsayawa, mai komarwa kuma ta koyi tsalle, launuka su cakuɗe a daidai ƙofar. Wannan ya isa a tabbatar da ciwon. Amma mai fiɗa na bukatar taswira, don haka sai a tura mutum siti-sikan na jijiyoyi: a ɗura masa wani ruwa ta hannu, a ɗauki hoto a daidai lokacin da ruwan ke cikin masu bugawa. Idan aka ga ya riga ya bayyana a mai komarwa ta ƙafa ɗaya, an kama ɓarauniyar hanyar, an san tsawonta da faɗinta da inda ƙarfen ya maƙale. Ruwan nan na iya taɓa ƙoda, shi ya sa ake gwada jini tukuna. Kada a ɗauka neman kuɗi ne. A ƙara da sikanin zuciya, don a san yawan wahalar da ta sha kafin a sa mutum barci.

Maganin kuwa, toshe ƙofar ne ba tare da an kashe hanyar ba. Faɗa da baki ya fi aikin sauƙi. Likitocin da, da suka ɗaure mai bugawa daga sama kawai, sun ga ta'asa: ɗan jinin da ke zagayowa ta ƙananan rassa shi ma sai ya bi ta hudar ya gudu, ƙafa ta mutu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Daga baya suka koma jira watanni har rassa su yi ƙwari, sannan su ɗaure jijiyoyin biyu sama da ƙasa, wuri huɗu, su yanke tsakiyar. Haka aka yi ta yi har Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙafa kan tsira, amma da yawa ba sa sake doguwar tafiya. Ɗinkin jijiya shi ya canza komai, kuma a fagen yaƙi aka koye shi. DeBakey da Simeone sun tattara raunukan jijiya 2,471 na sojojin Amurka suka buga a 1946. Cikin waɗanda aka ɗaure wa jijiya, kusan rabi sun rasa gaɓar. A yaƙin Koriya, da aka koma ɗinkewa da dasawa, adadin ya faɗo zuwa kimanin kashi 13 cikin ɗari. Abin takaici ne a ce ilmin ceton ƙafa daga wurin masu harbin ƙafa ya fito, amma haka tarihin yake.

A yau mai fiɗa zai fara kama jijiyoyin daga sama da ƙasa da hudar, inda nama ke da lafiya, don idan jini ya ɓalle yana da linzami a hannu. Sannan ya bi a hankali ya raba su, ya ɗinke kowace daban. Idan bangon mai bugawa ya lalace, sai ya yanko wata doguwar jijiya da ke ƙarƙashin fata a cikin cinya, galibi daga ɗaya ƙafar, ya yi faci ko ya dasa guntu. Cire ta ba ya cutar da ƙafar da aka ɗauko. Wasu kan shimfiɗa ɗan nama a tsakani don kada su sake haɗewa. Aiki ne mai cin jini, musamman idan hudar ta tsufa, don kowace 'yar jijiya a wurin ta zama babba, kowace kuma da matsin mai bugawa a cikinta.

Hanya ta biyu ba a yanka. Ta gindin ɗaya cinyar ake zura tiyo, ana kallo a allo, a kai wani ɗan bututun ragar ƙarfe mai rufi, wato sitent, a buɗe shi a cikin mai bugawa daidai ƙofar, ya liƙe ta daga ciki. Idan hudar a ƙaramin reshe take, ko a ƙasan gwiwa inda masu bugawa uku ne kuma sauran biyun lafiyarsu lau, sai a cusa 'yan murɗaɗɗun wayoyi su toshe reshen. Kwana ɗaya ko biyu mutum ya koma gida. Ga tsoho, ko wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki doguwar fiɗa ba, wannan rahama ce. Amma ina ganin yadda mutanenmu ke sayar da gona su tafi Alƙahira saboda sun ji an ce ba yanka, kuma a nan ina da ja. Sitent ba ya son wurin lanƙwasa, gindin cinya da bayan gwiwa kuwa aikinsu ke nan, balle ga mutumin da ke durƙusa wa salla sau biyar, yake tsugunawa a gona da bayan gida. Yana bukatar maganin tsinka jini kullum da sikanin bibiya a kai a kai, a ƙasar da magani kan ɓace daga kasuwa ba sallama. Ga saurayi mai sauran shekara arba'in ko hamsin na tafiya a gabansa, faci da jijiyarsa ta kansa ya fi kwantar mini da hankali. Hukuncin ƙarshe na likitan jijiyoyi ne da ya ga hoton, amma a tambaye shi wannan kafin a sa hannu.

Bayan an rufe, sauƙin zuciya kan zo da sauri, girmanta kuma ya ragu cikin makonni ko watanni idan ba a makara ba. Ƙafa ce mai nawa. Jijiyar da ta daɗe a buɗe jini na iya daskarewa a cikinta, shi ya sa ake ba da maganin hana gudan jini na wani lokaci, da doguwar safa mai matsewa, wadda na san azaba ce a zafin Afrilu amma ba makawa. Wanda hudarsa ta yi shekaru, mai bugawa da ke samanta ta riga ta saki, kuma tana iya ci gaba da faɗaɗa ko bayan aiki. Irinsa ba ya sallama da asibiti gaba ɗaya.

Saura waɗanda aka haifa da shi, kuma a nan dole in rage murya, don labarin bai kai na farko daɗi ba. Ba ƙofa ɗaya ba ce, curin ƙananan hanyoyi ne birjik a cikin tsoka, wani lokaci har ƙashi. Jariri kan zo da wani jan tambari mai ɗumi a ƙafa, a fatarmu ma sau da yawa duhu kawai yake yi, a ce tawadar Allah ce. Yaro na girma ƙafar na fin 'yar'uwarta tsawo da kauri, saboda jini ya yi wa wurin tsiron ƙashi yawa, har ya fara ɗingishi. Frederick Parkes Weber na Landan ya bayyana wannan a 1907. Yakan lafa shekaru, sai balaga ko ciki ko bugu ya tashe shi. Wata baiwar Allah ta kawo mini 'yarta, tana ce mini surukarta ta ce wani abu ta tsallaka da cikin. Na ce mata, "Ƙanwata, ba abin da kika tsallaka." A 2003 masu bincike a Burasal ta Beljiyam sun gano cewa sauyi a wata ƙwayar halitta mai suna RASA1 na haddasa wani nau'insa. Tun ana ƙera jijiyoyin a makonnin farko abin ke faruwa, kafin uwa ma ta tabbatar tana da ciki.

Hoton maganaɗisu ne ke nuna iyakarsa. Magani kuma lallaɓawa ne: safa mai matsewa, ƙarin dunduniya a takalmin gajeruwar ƙafar, kula da fata. Idan ya fara zafi, ko gyambo, ko zubar jini, ko ya taɓa zuciya, sai a bi ta tiyo a ɗura wa curin kansa abin da zai kashe shi, tsantsar sinadarin itanol ko wani irin gam na asibiti, zama bayan zama, kuma kowane zama da haɗarin ƙona fata ko taɓa jijiyar motsi. Wani lokaci a biyo da fiɗa a kwashe. Abin da ba a so shi ne rabin aiki. Wanda ya ɗaure babbar jijiyar da ke ciyar da curin ya ce ya gama, ya bar baya da ƙura: curin zai janyo sababbin rassa, kuma an rufe hanyar da gwani zai bi gobe. Duk wanda ya ce miki zai cire wa yaro wannan a zama ɗaya ya warke har abada, ki ɗauki ɗanki ki nemi wani.

Ba zan ɓoye wahalar da ke gaba ba. Tun kafin yaƙi likitocin jijiyoyin jini a Sudan 'yan ƙalilan ne, kuma kusan dukkansu a Khartum suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 70 cikin ɗari na asibitocin yankunan da ake faɗa sun daina aiki. Soja sun karɓe Madani a Janairun 2025 da Khartum a Maris, mutane na komawa, amma ɗakin fiɗa ba ya tashi rana ɗaya. Wanda aka tura, ya tafi da faifan hotonsa ba takardar sakamako kaɗai ba, ya tafi da 'yan'uwa masu iya ba da jini, ya kuma faɗi labarin tsohon rauninsa ko ba a tambaye shi ba, ko da na shekara ashirin ne. Idan kuwa ƙullutu ya fashe a gida, a danna wurin da tsumma mai tsabta da dukkan ƙarfi, kada a ɗaga don leƙawa, kada a zuba gari ko toka ko garin bunni, a nemi mota.

Maganata ta ƙarshe ga 'yan'uwan sana'ar kakana ce, wanzamai da masu ɗori da masu sakiya, daga nan har Kano da Maraɗi, da Zamfara da Katsina inda harsashin 'yan bindiga ke barin irin wannan tabo. Wurinku mutane ke fara zuwa kafin mu, kuma da ku suka fi yarda. Duk kumburin da ke kusa da tsohon rauni a cinya ko bayan gwiwa, idan yana bugawa, ko yana rawa, ko mai shi ya ce yana jin ƙara a ciki, don Allah kada ƙaho ko aska ko ƙarfe ya taɓa shi. Ku turo mana shi a ranar.